Yadda za ka kama wakilan suna a harshen Albaniya

Duk wanda ya ce mini zai fara koyon Albaniyanci, shawarata gare shi ita ce ya fara da wakilan suna, amma kada ya haddace su kara-zube. Kowanne a ɗaure shi da aikatau. Ga su nan su takwas: unë jam, ti je, ai është, ajo është, ne jemi, ju jeni, ata janë, ato janë. Wato ni ne, kai ne ko ke ce, shi ne, ita ce, mu ne, ku ne, su ne maza, su ne mata.

Gyara bakinka tun yanzu. Harafin j a wurinsu "y" ne, don haka ajo "ayo" ake faɗa, ju kuma "yu". Shi kuwa ë mai ɗigo biyu gajeren wasali ne marar ƙarfi, a ƙarshen kalma ma sau da yawa ba ka jin sa, sai ka ji unë kamar "un".

Bahaushe zai sami sauƙi a wuri guda, ya sami aiki a wani. Mu muna raba kai da ke, su kuwa ti kawai suke cewa, namiji ko mace. Amma inda muke da "su" guda ɗaya, nan suka raba: ata ga maza, ato ga mata, idan taron ya haɗa maza da mata sai a ce ata. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ju. Yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" ko da shi kaɗai ne, haka suke yi. Wajen tambayar "yaya kake?", abokinka ka ce masa Si je? Babba ko baƙo kuwa Si jeni? Kada ka yi wasa da wannan.

Da zarar waɗannan sun zauna, sai ka koyi ajiye su. Ƙarshen aikatau ya riga ya nuna mai aikin, saboda haka Jam mirë ya wadatar a ce "ina lafiya". Ana kawo unë ne idan ana son jaddadawa, kamar mu ce "ni dai ina lafiya".

Ainihin aikin yana ga ƙananan wakilan da ke zuwa kafin aikatau: më, të, e, i, na, ju, u. A nan masu koyo ke karaya, ni kuma a ganina bai kamata ba, domin suna cikin maganar da za ka yi kullum. Më fal, gafarta mini. Të lutem, ina roƙonka, ga babba kuma Ju lutem. Të dua, ina son ka. E shoh, ina ganin sa ko ina ganin ta. Ka lura da "na" sosai: kunnen Bahaushe zai ji "ni", alhali "mu" yake nufi. Na ndihmo, taimake mu.

Sannan suna ninka wakili, dogo da gajere a jimla ɗaya. Mua më pëlqen, ni dai yana burge ni. Idan wani ake yi wa abin, gajeren dole ne ko da an ambaci mutumin: I thashë nënës, na faɗa wa inna. Ka cire i ɗin, jimlar ta gurgunce. Idan gajeru biyu suka haɗu kuma sai su narke: më da e su zama ma, të da e su zama ta, i da e su zama ia. Ma jep, ba ni shi. Wannan ka bar shi sai sauran sun zauna a bakinka.

Yadda nake so ka yi: rubuta jimlolin nan a ƙaramar takarda, ka riƙa faɗin su da ƙarfi kana nuna mutanen gidanku, wannan ai, wannan ajo, yaran can ata. Daga baya ka ƙara me mua, tare da ni, da për ty, dominka.

Duk abin da na kawo daidaitaccen harshe ne, wanda aka tsayar da ƙa'idar rubutunsa a Tirana a 1972 bisa karin Tosk na kudu. Idan abokin hirarka ɗan Kosobo ne ko arewacin Albaniya, karin Geg na arewa yake yi, lafazinsa zai bambanta. Ka roƙe shi ya maimaita a hankali, zai gane naka sarai.