Yadda Ake Ɗibar Jinin Yaro Mai Tsananin Ciwo Ba Tare da An Ƙarar Masa da Shi Ba

Jaririn da nauyinsa kilo 3 ne, jinin jikinsa duka bai wuce mililita 250 ba. A riƙa ɗibar mililita 5 kullum, cikin kwana 5 kashi 10 cikin 100 ya tafi ɗakin gwaji. Yaron da maleriya ko sikila ta riga ta cinye masa jini ba shi da wannan rarar.

Fara da awo. Ninka kilonsa da 80, shi ne kusan jininsa a mililita. Abin da za a ɗiba cikin awa 24 ya tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na jininsa, ga wanda ke jin jiki sosai kuwa a riƙe ƙasa-ƙasa. Kowane ɗiba a rubuta shi a fayil, a haɗa jimla a ƙarshen kowane aiki.

Kafin allura ta taɓa fata, likita da nas su tambayi kansu: sakamakon nan zai canja magani? In ba zai canja ba, a bar shi. Sauran a haɗa su ɗiba ɗaya, cikin ƙananan kwalaben yara masu ɗaukar rabin mililita.

Yawancin ɓarnar daga maimaita ɗiba take, shi ya sa muke jan hankali nan. A sanyin hunturun Jos diddigen jariri, inda ake hudawa a ɗibi jini, kan yi sanyi ƙalau, jini ya ƙi fita, sai a hau matsa. Matsar na fasa ƙwayoyin jini, sinadarin fotashiyam ya fito sama a ƙarya a sakamakon gwaji, gobe a sake huda yaro. Ɗumama diddigen da tsumma mai ɗumi minti 3 zuwa 5, ka huda gefe, ba tsakiya ba, ka share ɗigon farko. Kwalba mai murfin shunayya a jujjuya ta a hankali nan take, kada jinin ya daskare. Ba a girgiza ta. Kada kuma a ɗiba daga hannun da ruwa ke shiga, jinin ya tsinke.

In daga layin jijiya ne, wato siririyar robar da aka bari a cikin jijiya, jinin farko mai gauraye da ruwa ana iya mayar da shi cikin tsafta inda ƙa'idar asibiti ta yarda.

Don gane ƙarancin jini, duba tafin hannu da cikin fatar ido ko sun yi fari, ka lura da bugun zuciya da numfashi. In himogulobin, wato sinadarin da ake aunawa a gane ƙarancin jini, ya yi ƙasa da giram 4 a desilita, ko 4 zuwa 6 tare da haki, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a ƙara jini.