Yadda Ake Zaga Havana a Tsohuwar Mota

Da farko, ka isa Parque Central, dandalin da ke tsakiyar Havana, babban birnin Cuba, da sassafe, kafin rana ta take. A nan motocin Amurka na shekarun 1950 suke jere, Chevrolet da Buick, an goge su sai ƙyalli suke. Zaɓi mai buɗaɗɗen sama.

Kafin ka shiga, ku daidaita da direba: awa nawa, kuɗi nawa, ina da ina za a tsaya. Riƙe tsabar kuɗi, domin kati ba ko'ina yake aiki ba.

Ku fara da Capitolio, ginin majalisar dokoki, wanda aka kammala a 1929, ga shi nan kusa. Daga nan sai Museo de la Revolución, gidan tarihin juyin juya hali da ke tsohuwar fadar shugaban ƙasa. Zaga bayanta ka ga jirgin ruwan Granma, wanda ya kawo Fidel Castro daga Meziko a 1956, an killace shi cikin gilashi. Kada ka yi gaggawa a nan, wurin ya cancanci lokacinka.

Sannan dandalin Plaza de la Revolución, mai hasumiyar tunawa da José Martí, gwarzon neman 'yancin Cuba, da hoton Che Guevara na ƙarfe a jikin ma'aikatar harkokin cikin gida.

Ku ƙare da titin Malecón na bakin teku. Riƙe hularka gam, iskar wurin tana da ƙarfi.