Darasi na 7: Tarin kare da lafiyar ɓeran Masar

Toh iyayena da ƴan'uwa, darasinmu na yau akan ɓeran Masar ne, wannan ɗan dabban mai gashi marar wutsiya da yaranmu suke kiwo a akurki a bayan ɗaki a Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Asalinsa ba daga Masar yake ba, daga duwatsun Kudancin Amurka ya fito wajajen ƙasar Peru, inda akwai sanyi da iska mai kyau, kuma ƙirjinsa baya jure wahala ko kaɗan.

Yawancinmu a nan Kumasi gidan haya muke zaune, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, kuma sau da yawa akwai karen gadi, ko na mai gida ko na maƙwabci. Kowa yasan kare zai iya cafke ɓeran, shi yasa ake rufe akurki. Abinda mutane basu sani ba shine kare yana iya kashe shi ba tare da ya taɓa shi ba, da tari kawai.

Akwai wata ƙwayar cuta da likitocin dabbobi suke kira Bordetella. Tana cikin manyan ƙwayoyin da ke sa karnuka wannan busasshen tarin mai ƙara kamar ƙashi ya maƙale musu a wuya. Ga babban kare mai lafiya abin baida yawa, sati ɗaya zuwa uku ya warke ya cigaba da haushinsa. Amma in ta shiga ɓeran Masar huhu take sauka kai tsaye ta zama ciwon nimoniya, kuma yana iya mutuwa cikin ƴan kwanaki, macen da take da ciki kuma tayi ɓari. Ga inda matsalar take, ku saurara da kyau: karen da ya daina tari yana iya cigaba da fitar da ƙwayar har wata biyu ko uku, wani ma yana ɗauke da ita bai taɓa yin tarin ba, sai ka ganshi garau yana wasa da yara kace ai wannan lafiyarsa ƙalau. Zomo ma haka, yana ɗauke da ita a hanci ba tare da ta dame shi ba, dan haka wannan al'adar ta haɗa zomo da ɓeran Masar akurki ɗaya dan Allah a daina. Kyanwa da alade suma suna ɗauka.

Ta yaya take tsallakawa? Ta iska in kare yayi tari ko atishawa kusa da ragar akurkin, ta kwanon ruwa, ta tsumma da buhu, sannan ta hannunmu mu kanmu. Yaro ya gama shafa kan kare, karen ya lashe masa hannu, ya juya ya ɗauki ɓeransa ya rungume, shikenan an gama.

Toh me za'ayi. Farko a ɗaga akurkin daga ƙasa a ɗora kan tebur ko benci, a wurin da kare baya zuwa kwata-kwata, in da hali ɗaki daban ko baranda mai ƙofa. Raga tana hana haƙori amma bata hana numfashi, kare zai zo ya manna hancinsa yana shinshina, ga cuta ga tsoro, kuma tsoron kansa yana raunana jikin dabban. A ware kwanonsa da tsintsiyarsa da bokitinsa kar a haɗa da na kare. A koya wa yara tsari ɗaya: ɓeran Masar ake fara ba abinci, kare daga baya, in kuma an riga an taɓa kare sai an wanke hannu da sabulu. In karen gidan yana tari har riga a canza. In karen ba naku bane kuje ku sami mai shi cikin mutunci, "Baba mai gida, karen nan yana tari, ko za'a ɗaure shi ta can gefe a kai shi a duba?", magana mai daɗi ita ke jawo wannan. Akwai rigakafin wannan tarin da ake yiwa karnuka, wani a hanci ake ɗigawa, kuma shi wannan na hancin ƙwayar mai rai ce a ciki wadda aka raunana, saboda haka bayan anyi a ƙara nesanta karen na wasu makonni.

Wurin akurkin ya zama mai shan iska amma ba inda iska ke bugawa kai tsaye ba, lokacin hunturu a rataya buhu ta gefen da ƙura ke shigowa. A kiyaye hayaƙin gawayi da maganin sauro na kunnawa. A dinga share fitsari, in kun sunkuya warin ya bugi hancinku toh shi da yake kwana a ciki fa? Zafi ma yana kashe shi, kar a ajiye shi ƙarƙashin kwano da rana tsaka.

Abinci kuma babban garkuwa ne. Ɓeran Masar kamar mutum yake, jikinsa baya haɗa bitamin C da kansa sai ya ci. Ciyawa ce babban abincinsa kullum, a ƙara masa ɗan yankan koren tattasai marar yaji ko gwaba. Wanda bai samun wannan shi cuta take fara kayarwa. Sabon da aka siyo kuma a ware shi sati biyu zuwa uku kafin a haɗa da na gida.

Alamomin da zaku lura dasu: atishawa, majina, kwantsa a ido, gashi ya tashi, ya koma lungu ya takure, numfashi da ƙyar ko da ƙara, wani lokaci ya karkatar da kai. In ya ƙi cin abinci yini guda kar a jira gobe, dabba ne mai ɓoye ciwo, ranar da kuka gani ya riga yayi nisa. A ware shi daga sauran a kai shi ofishin likitan dabbobi na gwamnati, a jami'ar KNUST ma akwai makarantar likitocin dabbobi.

Nan ne nake roƙonku da babbar murya. Kar wanda ya je kemis ya siyo kafso ya fasa masa a ruwa. Amoxicillin da ampicillin da penicillin da muke sha mu warke, shi kashe shi suke, suna kashe ƙwayoyi masu amfani na cikin hanjinsa sai zawo ya biyo baya ya mutu. Ragowar maganin kare ko na kaji ma kar a bashi. Likita ne yasan wanda ya dace dashi da kuma yawan da za'a bashi daidai nauyinsa.

Aikin gida: kowa ya rubuta a littafinsa alamomi uku na wannan ciwo da sunan magani ɗaya da ba'a ba ɓeran Masar, sannan ya auna taku nawa ne tsakanin akurki da inda kare yake kwana a gidansu, ya rubuta lambar ya kawo aji mai zuwa.