Kafin Ka Yarda a Sauke Maka Giyabos

Idan harafin D ya fara ƙyaftawa a dashbod, ko motarka otomatik ta riƙa dukan giya, ko ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa, kada ka yi saurin yarda da wanda ya ce giyabos ya mutu. A garejina a nan Gombe na sha ganin motar da aka yanke wa hukuncin sayen giyabos ɗin Beljiyam, alhali laifin na wata 'yar sensa ce da ba ta wuce babban yatsa ba. Aikinta shi ne ta gaya wa kwamfutar mota ƙarfin da man giya ke matsawa da shi. In ta yi ƙarya, sai kwamfuta ta tsare motar a giya ɗaya don kada kulocin ciki ya ƙone.

Fara da sa na'urar gwaji. Soket ɗinta mai baki 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da na'urar ke nunawa kan wannan matsala sukan faɗo tsakanin P0840 da P0849. A Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda muke kira EOD, P0842 da P0843 na kulocin giya ta biyu ne, P0847 da P0848 kuma na ta uku. Rubuta lambar a takarda kafin yaron gareji ya goge ta.

Amma lamba ba ta ce a je a sayo sensa ba. Wani lokaci sensar gaskiya take faɗa, ƙarfin man ne ya faɗi. Don haka duba mai tukuna. Ka ɗan zaga da motar ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai daidai. Honda kashe ta ake yi a zaro sandar awo cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, Toyota kuwa a bar ta a kunne, giya na kan P. Mutane da yawa suna rikita hanyoyin biyu, su ƙara mai ya wuce ƙa'ida. Goga sandar a farin ƙyalle. Ja mai haske, lafiya lau. In ya koma baƙi yana ƙauri, ko ka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli, to ciwon na ciki ne, sabuwar sensa ba za ta yi magani ba. Zafin Maris da Afrilu, ga lodi, ga hawan wajen Kaltungo, suna saurin cinye mai. Kuma don Allah a daina zuba kowane jan mai da aka miƙo a jarka. Honda DW-1 take so, wanda ya maye gurbin Z1. Toyota kuma T-IV ko WS, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta wa motar.

In mai ya yi kyau, sai waya. Nan ne nake so a yi haƙuri. Zare soket ɗin sensar, ka haska da tocila. Za ka iya tarar da bakinsa ya yi kore saboda ruwan damina ko wankin inji, ko mai ya tsattsafo ta cikin sensar ya jiƙa shi. Bi wayar da yatsa, ka lalubi inda ta gogi ƙarfe ko ɓera ya ci. Wanke, busar, mayar, goge lambar, ka hau hanyar Kumo har giyoyin su shiga duka.

Lambar ta dawo? Nemi rewaya mai mita. Sensar Honda waya ɗaya gare ta: inji na kashe, bai kamata mita ta yi ƙara tsakanin bakinta da jikinta ba, in ta yi to ta lalace. Mai waya uku kuwa, dole a samu bolt 5 a ɗaya idan an murɗa makulli, ɗaya ta zama as (wato wadda ke haɗe da jikin mota), ta ukun ita ke kai saƙo.

A EOD sensar a waje take, a jikin giyabos, kwancewa kawai ake yi. Je shago da tsohuwar a hannu, domin ta giya biyu da ta uku suna iya kama da juna amma lambarsu ta bambanta. Sa sabon wosha, kada a ɗaure da ƙarfin tsiya, jikin alminiyam ne, zarensa na saurin cinyewa. A wasu motocin tana ciki, sai an sauke farantin ƙasa. Idan an canza kuma lambar ta sake dawowa, sai a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a ga abin da famfo ke bayarwa, kafin a fara maganar sauke giyabos.