Yadda Ake Haɗa Kiɗan Hip-Hop da Tsofaffin Na'urori

Na'urorin da suka gina sautin hip-hop da kiɗan lantarki a shekarun 1980 ba su da ƙarfin ƙwaƙwalwar da wayar hannu ta yau take da shi, amma har gobe masu haɗa kiɗa suna neman su ruwa a jallo. Dalilin yana cikin ƙarancin nasu: na'urar da ba ta ɗaukar sauti fiye da daƙiƙa 10 tana tilasta wa mai ita ya zaɓi abin da ya fi so tun daga farko, kuma wannan zaɓin shi ne rabin aikin. Bayanin da ke biye ya shafi haɗa iri uku a aiki ɗaya, wato injin ganga kamar Roland TR-808, samfila mai ɗaukar guntun sauti kamar E-mu SP-1200 ko Akai MPC60, da sintasaiza mai ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki kamar Minimoog ko Juno-106.

Kafin a jona komai, a duba bayan kowace na'ura a ga ƙarfin wutar da aka ƙera ta dominsa. Waɗanda aka yi wa kasuwar Japan suna shan bolt 100, na Amurka 120, na Turai kuwa tsakanin 220 da 240, kuma duk wanda ya cusa wa na'urar Japan wutar Turai ba tare da taransifoma ba zai iya kashe ta nan take. Daga nan sai a nemi ƙwararren mai gyara ya buɗe ta ya duba batirin ciki da kafasitocin da suka tsufa. Batirin Korg Polysix ya yi ƙaurin suna wajen tsiyaya yana cinye allon wutar da ke kusa da shi, Juno-106 kuma, wadda ta fito a 1984 da muryoyi shida, wato tana iya fitar da sauti shida a lokaci guda, takan rasa muryoyin ɗaya bayan ɗaya saboda lalacewar wani guntu mai lamba 80017A. Gwajin wannan yana da sauƙi: a danna maɓallai shida daban-daban ɗaya bayan ɗaya ana riƙe su, idan sauti ya ɗauke ko ya shaƙe a ɗaya daga cikinsu, to wata murya ta mutu.

Mataki na biyu shi ne a tsayar da na'ura ɗaya tak da za ta riƙe lokaci, sauran su bi ta. A nan ne yawancin masu farawa ke rikicewa, domin na'urorin ba su zo a zamani ɗaya ba. An ƙaddamar da MIDI, tsarin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni da shi, a 1983, saboda haka TR-808, wadda ta fito a 1980, ba ta san shi ba. Tana amfani da wani tsari na Roland mai suna DIN Sync, mai aika harbi 24 a kowane bugu. MPC60 ta 1988 kuwa MIDI take ji. Mafita ita ce a sa MPC ta zama jagora, a fitar da agogonta ta MIDI zuwa ƙaramin akwatin da ke juya shi zuwa DIN Sync, sannan a mayar da makunnin TR-808 zuwa karɓar lokaci daga waje. A kula da wayar da za a yi amfani da ita, domin bakin DIN Sync da na MIDI kamarsu ɗaya, ƙafa biyar-biyar, amma ba ƙafafu ɗaya suke aiki da su ba, kuma wasu wayoyin MIDI ba a haɗa dukkan ƙafafunsu ba. A nemi wadda aka haɗa biyar ɗin gaba ɗaya. Idan an gama, a zaɓi saurin kiɗan: tsohon salon hip-hop yakan zauna tsakanin bugu 85 da 95 a minti, kiɗan raye-raye irin na Chicago da Detroit kuwa yakan haura 120.

Yanzu aka zo kan ɗaukar sauti, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi cancantar a ba shi lokaci. A ɗora faifai a kan garmaho a saurare shi daga farko har ƙarshe, ba tare da an taɓa samfila ba, ana neman wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganga ita kaɗai, ko wurin da fiyano ko ƙaho ya yi wata 'yar gajeriyar jimla da za ta jure maimaitawa. SP-1200, wadda ta fito a 1987, tana ɗaukar sauti a bit 12 da kilohaz 26.04, ma'aunan ingancin sautin da aka ɗauka, kuma jimillar ƙwaƙwalwarta daƙiƙa 10 ce, an raba ta gida huɗu, ta yadda guntu ɗaya ba ya wuce daƙiƙa biyu da rabi. Lissafin kuwa yana nuna matsalar a fili: gaɓa guda mai bugu huɗu a saurin 90 tana cin kusan daƙiƙa 2.7, wato ba za ta shiga ba.

Masu haɗa kiɗa na New York sun magance wannan da wata dabara da ta zama gado. Faifan da aka yi shi domin ya juya sau 33 a minti sai a juya shi a 45, a ɗauki sautin yana gudu da siririyar murya, gaɓar nan ta koma kusan daƙiƙa 2, sannan a sauke muryarta a cikin samfila da kimanin rabin mataki biyar har ta dawo daidai. An yi dabarar ne domin tsimin ƙwaƙwalwa, amma sai ta haifar da wani abu dabam: yadda na'urar take sauke murya yana barin wani ƙaiƙayi da amsa-kuwwar ƙarfe a kan sautin, kuma wannan kaushin shi ne abin da kunne ke ganewa da sautin wancan zamani. Saboda haka ina ba da shawarar a bi wannan hanya ko da ana aiki da samfilar da ba ta da ƙarancin wuri. A daidaita ƙarfin sautin da ke shiga ya kusanci iyaka ba tare da ya fashe ba, domin a bit 12 sautin da aka ɗauka a raunane yakan nutse cikin hayaniya.

Bayan ɗauka sai yanka. A matsar da farkon guntun har ya tsaya daidai kan bakin bugun, ba gabansa ba, ba bayansa ba, domin 'yar tazarar da aka bari a farko za ta sa dukkan kiɗan ya riƙa makara. Sai a raba guntun gida-gida a ɗora kowane yanki a kan maɓallinsa, takwas a SP-1200, sha shida a MPC60, a buga su da yatsu cikin wani sabon jeri da babu shi a faifan asali. Wanda ya sake jera yankunan ya ƙirƙiri abu nasa, wanda ya maimaita gaɓar yadda take kuwa ya ari na wani ne kawai. Ko wanne aka yi, sautin faifai yana da masu haƙƙinsa, kuma tun bayan wani hukuncin kotu a New York a 1991 ya zama ka'ida a nemi izini kafin a fitar da kiɗan kasuwa.

A kan wannan tushe ake gina ganguna. TR-808 tana da maɓallai 16 a jere, kowanne yana wakiltar kashi ɗaya na gaɓa. A zaɓi ganga mai tsarkiya a kunna ta a maɓalli na 5 da na 13, domin su ne ginshiƙan da ba a cika taɓawa ba. A sa babbar ganga a na 1, sannan a gwada ta a na 8 da na 11 ana saurare ko ta dace da motsin guntun da aka yanka. Farantan ƙarfe su cika maɓallan da ba su da ma'aurata, wato 1, 3, 5 har zuwa 15. Abin da ya ɗaukaka wannan injin, wanda aka daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kimanin guda 12,000, shi ne maɗaurin da ke tsawaita ƙarar babbar gangarsa: idan aka murɗa shi sosai, bugun yakan zama doguwar gurnani mai zurfi da za ta iya tsayawa a matsayin ƙasan kiɗan baki ɗaya. Idan an zaɓi haka, kada a ƙara wani sauti mai zurfi a kansa, domin biyun za su cakuɗe su zama laka.

Gangunan da suka faɗi daidai kan ma'auni sukan bushe, shi ya sa Roger Linn, wanda ya tsara MPC60, ya sanya mata saitin rangaji da ke jinkirta kowane kashi na biyu kaɗan. A kashi 50 cikin ɗari babu jinkiri ko kaɗan, a kusan 66 kiɗan ya koma tafiyar uku-uku, daɗin kuma yawanci yana tsakanin 54 da 62. A tuna cewa TR-808 ba za ta bi wannan rangajin ba, domin agogo kawai take karɓa. Wanda yake son gangunanta su yi rangaji sai ya ɗauki sautinsu ɗaya-ɗaya cikin samfila ya buga su daga can, kamar yadda da yawa suka yi.

Sintasaiza ita ce ta ƙarshe, kuma aikinta kaɗan ne. Minimoog ta 1970 murya ɗaya take fitarwa a lokaci guda, ba ta da MIDI, ba ta kuma ajiye saiti, saboda haka a kunna ta a bar ta ta ɗumama na kimanin minti 20 kafin a daidaita muryarta da ta guntun faifan, sannan a buga ta da hannu. Domin sautin ƙasa mai kauri, a haɗa osileta biyu, wato sassan da ke samar da ainihin sautin, ɗaya a ƙasa da ɗayar da zango guda, a rufe matatar sauti har kaifin ya tafi ya bar jiki. A rubuta matsayin kowane maɗauri a takarda, ko a ɗauki hotonsa, domin da zarar an murɗa shi babu mai dawo da shi. Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar sintasaiza sam: a kwafi guntun faifan, a tace shi har sai sautin ƙasansa kaɗai ya rage, dabarar da aka fi yi da samfilar Akai S950.

Wajen naɗa, a fitar da kowane sauti ta ƙofarsa zuwa mikisa maimakon a tara su a waya ɗaya. SP-1200 tana da ƙofofi takwas kuma ba iri ɗaya ba ne: biyun farko suna da matata mai motsi da ta dace da babbar ganga, huɗun tsakiya suna da matata tsayayya, biyun ƙarshe kuwa ba a tace su, don haka can ya kamata farantan ƙarfe su fita. Kafin a kashe wuta a adana aikin a faifan fulofi, domin ƙwaƙwalwar samfilar tana gogewa da zarar wuta ta ɗauke, kuma tunda faifan fulofi da injin karanta shi duk sun tsufa, gara a maye gurbin injin da irin na zamani mai karɓar filashi, a kuma ajiye kwafi na biyu a kwamfuta.