Ku duba haruffa masu ƙugiya kafin bugawa

Ƴan uwa masu zanen tambari a Yamai, na yi wa wata hajiya zanen takardar kilishi, da aka buga sai ga "ƙ" da "ɗ" sun koma ɗan akwati fanko. Kwamfutar masu bugawa ba ta da samfurin harafin da na zaɓa. Raina ya ɓaci sosai, kuɗin sake bugun ma daga aljihuna ya fita.

Yanzu kafin in fara aiki sai in rubuta ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, manya da ƙanana, in gani da idona ko samfurin harafin yana da su. Samfuran haruffa na Noto Sans da Charis SIL suna da su, kuma kyauta ne. Ku mai da rubutun ya zama zane, don kada kwamfutar masu bugawa ta buƙaci samfurin harafin, kafin ku fitar da PDF, launi ya zama CMYK (tsarin launin da injin bugawa ke aiki da shi), ku bar milimita 3 a gefe saboda yanka.