Yadda za a kare gero da wake a rumbu da dogonyaro

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfanin gida. Macen kan saka ƙwai a jikin kwanso, tsutsa ta huda ta shige cikin ƙwayar, bayan kamar sati uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta sake saka nata. Shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya a watan Nuwamba yake zama gari kafin damina, musamman idan zafin Sakkwato ya kankama a Maris da Afrilu. Dogonyaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya, yana korar ƙwari, man sa kuma yana kashe ƙwai. Amma tsutsar da ta riga ta shige ciki ba ya kai gare ta, don haka sai an sa shi da wuri.

A fara da shanya. A baza hatsin a kan leda ko tabarma har ƙwaya ta riƙa fashewa da ƙara idan an ciza. In ana shakka, a zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri cokali ɗaya, a rufe, a girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a ƙara shanyawa. A share rumbu tas, a liƙe tsagogi da laka, kuma kada a zuba sabon hatsi a kan ragowar bara.

Ƙarfin maganin yana cikin 'ya'yan dogonyaron, ya fi na ganye nesa ba kusa ba. A tsinci waɗanda suka nuna suka yi rawaya, a wanke naman, a busar a inuwa domin rana tana kashe sinadarin. A fasa ɓawon a fitar da ƙwayar, a watsar da duk wadda ta yi funfuna, don funfunar guba ce ga mai cin hatsin. A daka sauran ya yi laushi, a cuɗa kilo 1 zuwa 2 a buhu mai kilo 100.

Ga wake kuwa man dogonyaron ya fi. A yayyafa wa dakakken garin ruwan ɗumi kaɗan kaɗan ana murzawa da hannu kamar mai matsar ƙuli, har man ya tsatso. Mililita 2 zuwa 3 ya ishi kilo ɗaya, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga tiya mai cin kilo biyu da rabi. A nan mutane suka fi kuskure: sai su tsiyaya man a bakin buhu su ɗinke. A riƙa cuɗawa tiya tiya a cikin roba ko ƙwarya har kowace ƙwaya ta yi sheƙi, domin wadda mai bai taɓa ba ita ƙwaro zai nema. Akwai ɗaci, amma wanki biyu da ruwan ɗumi kafin dafuwa yana rage shi sosai.

Gero da dawa da aka ajiye a dami suna ɗan kare kansu, busasshen ganyen dogonyaro ya ishe su. A shimfiɗa shi a ƙasan rumbu, a jera dammuna, a sake shimfiɗawa, haka har sama. Ɗanyen ganye kada ya shiga, ruɓewa yake ya jawo danshi.

Waken iri ɗan kaɗan, a gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, a tulu, a rufe samansa da ƙarin toka. Dakakken barkono yana taimakawa amma shi kaɗai ba ya riƙe buhu. Ganyen taba kam, ban yarda a sa shi a abin da za a ci ba.

A ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, a duba su duk bayan sati biyu. Da an ga gari a gindin buhu ko fararen ɗige a jikin wake, a zazzage, a shanya a rana mai zafi, a tankaɗe, a sake sa maganin. Ko ba a ga komai ba, a sabunta ganyen bayan wata uku.